Romanée-Conti: Gonar inabin da ba ta kai hekta biyu ba, da yadda sunanta ya zama dukiya

Romanée-Conti sunan wata ƙaramar gonar inabi ce a ƙauyen Vosne-Romanée da ke yankin Burgundy a gabashin Faransa, kuma shi ne sunan jar giyar da ake yi da 'ya'yan wannan gona kaɗai. Faɗin gonar hekta 1.81 ne, wato kimanin filin ƙwallon ƙafa biyu da rabi. A shekarar da amfani ya yi kyau, abin da ake samu daga gare ta yakan kama daga kwalba 5,000 zuwa 6,000. A watan Oktoban 2018 an sayar da kwalba guda ta amfanin shekarar 1945 a kan dala 558,000 a gwanjon kamfanin Sotheby's a birnin New York, kuɗin da ba a taɓa biyan irinsa a kan kwalbar giyar inabi ba kafin wannan rana.

Mafi yawan Hausawa ba su da hulɗa da giya, tun da Musulunci ya haramta ta, kuma za a zo ga wannan batu a gaba. Sai dai labarin gonar ya wuce maganar abin sha. Yana cikin misalai mafi fitowa fili na yadda ake shata wa wani yanki na ƙasa iyaka, a rubuta ƙa'idojin nomansa, sannan doka ta hana kowa cin kasuwa da sunansa in ba mai shi ba.

Tambayar "na ina ne?"

Wannan tunani ba baƙo ba ne ga ɗan kasuwar Bahaushe. Wanda ya zauna a Onitsha, garin da fatake ke kira Anaca, ya yi ciniki a Kasuwar Ochanja ko a Ose da ke bakin Kogin Neja, ya san cewa mai saye yakan tambayi asalin kaya kafin ya tambayi farashi. Haka abin yake a unguwannin Hausawa na Inugu da kasuwar kayan marmari ta Fatakwal. Albasar nan ta Aliero ce ko ta Galmi? Doyar daga Zaki Biam ta fito? Amsar da aka bayar ita ke yanke kuɗi. Tun zamanin fataucin ƙafa ake bambanta goron Gwanja da na sauran wurare, goron Laboji na ƙasar Nupe kuma ya yi suna har ya zama abin kyautar sarakuna. A kasuwanninmu shaidar asali tana bakin dillali da idon mai saye. A Burgundy tana cikin taswira da kundin doka.

Yankin da ƙasarsa

Burgundy, wanda Faransawa ke kira Bourgogne, yana kudu maso gabashin Paris, kuma babban birninsa Dijon yana da nisan kimanin kilomita 300 daga can. Zuciyar noman inabinsa wani siririn gangare ne mai suna Côte d'Or, wanda ya miƙe kimanin kilomita 60 daga Dijon ya yi kudu, ya wuce ta garin Beaune. An kasa shi biyu: Côte de Nuits a arewa, inda jar giya ta fi rinjaye, da Côte de Beaune a kudu, inda ake yin ja da fara. Ƙauyen Vosne-Romanée yana cikin kashin arewa, kuma mazaunansa ba su kai 500 ba.

Gangaren yana fuskantar gabas, saboda haka hantsi ke fara dukansa ya busar da raɓa da wuri. A ƙarƙashinsa akwai farin dutse irin wanda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato da Obajana don yin siminti, ragowar wani teku da ya taɓa rufe yankin shekaru miliyoyi da suka wuce. A bisa dutsen akwai laka gauraye da tsakuwa, kuma kaurinta ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Can saman tudu siririya ce, ba ta riƙe ruwa. A gindin gangare tana da zurfi da danshi, itace ya yi ganye da 'ya'ya birjik amma ɗanɗanonsu ya yi salam. A tsakiya, wajen tsayin mita 250 zuwa 300 daga teku, nan ma'auni ya daidaita, kuma nan manyan gonakin suka jeru. Manomin da ya san bambancin jigawa da fadama, ya kuma san cewa gonaki biyu da 'yar hanya ta raba ba lalle su ba da amfani iri ɗaya ba, ya riga ya fahimci abin da Faransawa ke nufi da kalmar terroir: haɗuwar ƙasa da rana da ruwa da hannun manomi a wuri guda.

Yankin yana kusa da iyakar arewa ta inda jan inabi ke iya nuna. Itatuwan sukan zubar da ganye su yi barci daga Nuwamba zuwa Maris, su tsiro a Afrilu, su yi fure a Yuni, a girbe su a wajen Satumba, sau ɗaya tak a shekara. Irin da ake shukawa don jar giya shi ne Pinot Noir, mai ƙananan 'ya'ya da siririyar fata, mai saurin ruɓewa in ruwa ya yi yawa. Manoma suna jure wahalarsa ne domin ɗanɗanonsa yana sauyawa da ɗan sauyin ƙasa fiye da yawancin ire-iren inabi. Tun a 1395 mai mulkin Burgundy, Philippe le Hardi, ya ba da umarnin a tumɓuke wani iri mai suna Gamay, wanda ya fi yawan 'ya'ya, don kada ya zubar da darajar giyar ƙasarsa.

Yadda aka yayyanka ƙasar

Waɗanda suka aza harsashin wannan tsari sufayen Kirista ne. Gidan ibada na Cluny, wanda aka kafa a farkon ƙarni na 10, da na Cîteaux, wanda aka kafa a 1098, sun mallaki gonaki masu yawa ta hanyar kyauta daga sarakuna da attajirai. Da yake gidajen ibada ba sa rabon gado, gonakin sun daɗe a hannu guda, kuma sufayen suna rubuce-rubuce. Tsawon ƙarnuka suka lura da wane yanki ke fara nuna, wane ke jure ruwa, wane ke ba da giyar da ke daɗewa ba ta lalace ba. Suka shata iyakoki, suka kewaye wasu da katangar dutse. Kowane irin wannan yanki mai suna da iyaka ana kiransa climat. A ranar 4 ga Yulin 2015 hukumar UNESCO ta sa waɗannan yankuna, su 1,247, cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Juyin juya halin Faransa na 1789 ya ƙwace gonakin coci da na 'yan sarauta aka yi gwanjonsu. Dokar gado ta Napoleon ta 1804 kuma ta wajabta raba dukiya tsakanin 'ya'ya, sai gonakin suka shiga tsattsagewa daga tsara zuwa tsara, kamar yadda gandu ke komawa gayauni bayan rasuwar maigida. Gonar Clos de Vougeot, wadda sufayen Cîteaux suka kafa, mai faɗin kimanin hekta 50, yau tana hannun masu mallaka wajen 80, wasunsu da 'yan layuka kawai. Gonar da ta tsira a hannu guda ana ce mata monopole, kuma Romanée-Conti tana cikinsu.

A 1935 gwamnatin Faransa ta kafa hukumar kula da sunayen asali, wadda aka sani yau da INAO, aka kuma fito da tsarin AOC, wato sunan asali da hukuma ke sa wa ido. A ƙarƙashinsa an ƙayyade iyakar kowane suna, da irin inabin da za a shuka, da iyakar amfanin da za a ɗiba a hekta. Giyar Burgundy tana da matakai huɗu. Na ƙasa shi ne mai ɗauke da sunan yankin baki ɗaya, sai mai sunan ƙauye, sai premier cru, sannan grand cru a ƙololuwa. Gonakin grand cru 33 ne, kuma abin da suke bayarwa bai wuce kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari na amfanin yankin ba. Shida daga cikinsu suna cikin ƙauyen Vosne-Romanée. Romanée-Conti ta sami nata sunan na AOC a 1936. Maƙwabciyarta ta sama, La Romanée, mai faɗin hekta 0.85, ita ce mafi ƙanƙantar suna a duk tsarin na Faransa.

Tarihin gonar

A ƙarni na 13 gonar tana hannun sufayen gidan ibada na Saint-Vivant, reshen Cluny. Sun rabu da ita a 1584. A 1631 ta shiga hannun iyalin Croonembourg, kuma a zamaninsu aka soma kiranta La Romanée. A 1760 wani ɗan gidan sarautar Faransa, Louis-François de Bourbon, Yariman Conti, ya saye ta da tsada. Bai sayar da giyarta a kasuwa ba. Ya keɓe ta ga teburinsa da baƙinsa, abin da ya ƙara mata kwarjini. Bayan juyin juya hali an ƙwace ta daga hannun ɗansa aka sa ta a kasuwa a 1794, kuma a wannan lokaci ne aka liƙa mata sunan Conti, sunan gidan da aka raba da ita, domin ya jawo hankalin masu saye.

Julien Ouvrard ya saye ta a 1819, sannan Jacques-Marie Duvault-Blochet a 1869. Daga zuriyar wannan na biyun ne iyalin de Villaine suka gaje ta. A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wani dillalin giya mai suna Henri Leroy ya sayi rabin kamfanin da ke riƙe da ita, Domaine de la Romanée-Conti. Tun daga lokacin iyalai biyun ke tafiyar da shi tare, kowane da wakili guda. Aubert de Villaine ya riƙe kujerar iyalinsa daga 1974 har kusan shekaru hamsin. Ban da wannan gona, kamfanin ya mallaki La Tâche gaba ɗayanta, mai faɗin kimanin hekta shida, yana kuma da rabo a Richebourg da Romanée-Saint-Vivant da Échezeaux da Grands Échezeaux da Montrachet.

Annobar ƙwaro da kwalabe 600

A shekarun 1860 wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai suna filoksera ya shigo Turai daga Amurka a jikin dashe. Yana tsotson saiwar inabi har itacen ya bushe. Ya isa Burgundy a ƙarshen shekarun 1870, kuma kafin ƙarnin ya ƙare ya halaka mafi yawan gonakin inabin Faransa. Maganin da aka samu shi ne aure, irin wanda ake yi wa mangwaro da lemo: a ɗauki reshen inabin Turai a ɗaura a kan saiwar inabin Amurka, wadda ƙwaron ba ya iya kashewa.

Masu Romanée-Conti sun ƙi bin wannan hanya har tsawon fiye da shekara sittin. Sun ci gaba da sabunta itatuwansu ta tsohuwar dabara, wato a kwantar da reshe a binne shi ya yi saiwa, suna kuma zuba wani sinadari a ƙasa don kashe ƙwaron. Da yaƙi ya zo sinadarin ya yi wuyar samu, itatuwan suka raunana. A 1945 kwalba 600 kawai aka samu. Bayan wannan girbi aka tumɓuke gonar, aka sake dasa ta a 1947 da itatuwa masu aure, kuma ba a fitar da giya da sunanta ba daga 1946 zuwa 1951. Shekara shida kamfanin ya haƙura da kuɗin shiga daga gonarsa mafi daraja maimakon ya sa sunanta a kan 'ya'yan wata gonar. Wannan ne ya sa kwalaben 1945 suka zama na ƙarshe daga tsofaffin itatuwa. Kwalbar da ta kafa tarihi a 2018 ta fito ne daga ma'ajiyar Robert Drouhin, wani sanannen mai sana'ar giya na Beaune, kuma a wannan gwanjo wata 'yar'uwarta ta tashi a kan dala 496,000.

Noma da sarrafawa

A Burgundy ana dasa kimanin tushe 10,000 a hekta, a matse, domin itatuwan su yi gasar neman ruwa su zurfafa saiwa. Ana yi musu sassabe mai tsanani a lokacin sanyi don a rage yawan 'ya'ya. In aka kwatanta adadin itatuwan Romanée-Conti da kwalaben da take bayarwa, za a ga kusan tushe uku ne ke cika kwalba guda mai cin kashi uku cikin huɗu na lita. Kamfanin ya daina amfani da takin zamani da maganin kashe ciyawa, ya kuma dawo da huɗa da doki a wannan gona domin nauyin tarakta yana danne ƙasa.

Da hannu ake tsinkar inabin, a tsince ruɓaɓɓu da waɗanda ba su nuna ba. Ruwan Pinot Noir kusan fari ne. Launin ja daga fatar yake fitowa. Saboda haka ake zuba 'ya'yan da fatarsu, sau da yawa har da ƙusoshinsu, cikin manyan randunan katako na tsawon makonni biyu zuwa uku. A nan ne yis ɗin da ke jikin fatar ke juya sukarin ya zama barasa. Daga nan a tace a zuba cikin gangunan katakon oak, kowace mai cin lita 228, wato kimanin kwalba 300, a ajiye a ɗakin ƙarƙashin ƙasa wajen shekara ɗaya da rabi. Amfanin gonar na shekara guda yakan kama kimanin ganga 20. Kowace kwalba tana da lambarta, kuma ana rubuta jimillar kwalaben shekarar a jikin takardarta.

Dalilin tsada

Tushen tsadar shi ne ba za a iya ƙara yawan kayan ba. Kamfanin mota ko na lemon kwalba yana iya gina sabuwar masana'anta in masu saye suka ƙaru. Wannan gona kuwa gonaki huɗu sun kewaye ta: La Romanée a yamma, Richebourg a arewa, Romanée-Saint-Vivant a gabas, La Grande Rue a kudu. Inabin da ya fito taku kaɗan bayan iyakarta doka ba ta yarda a kira shi da sunanta ba. A ɗaya ɓangaren kuma masu nema sun ƙaru, daga Turai da Amurka zuwa Japan, sannan Hong Kong da China, musamman bayan da Hong Kong ta soke harajin giyar inabi a 2008. Kowace kwalbar da aka buɗe tana rage adadin da ya saura na shekararta, don haka wasu attajirai suna saye ne su ajiye kamar yadda ake ajiye zinari ko fili.

Sayar da giya a gwanjo tsohuwar al'ada ce a yankin. Asibitin Hospices de Beaune, wanda Nicolas Rolin da matarsa Guigone de Salins suka kafa a 1443 domin talakawa, yana da gonakin da aka ba shi sadaka, kuma tun 1859 yake gwanjon amfaninsu. Ana yin sa ne a ranar Lahadi ta uku ta watan Nuwamba, kuɗin kuma ya tafi ga ayyukan asibiti da na jinƙai.

Jabu, barazana da sauyin yanayi

Suna mai tsada yana jawo masu kwaikwayo. Shari'ar da ta fi shahara ita ce ta Rudy Kurniawan, ɗan ƙasar Indunusiya mazaunin Kalifoniya, wanda aka yi wa laƙabi da Dakta Conti saboda yawan kwalaben gonar da yake saye da sayarwa. Asirinsa ya soma tonuwa a 2008, lokacin da ya kai gwanjo wasu kwalaben Clos Saint-Denis na gidan Ponsot masu ɗauke da shekarun 1945 zuwa 1971, alhali gidan bai fara yin wannan giya ba sai 1982. Mai gidan, Laurent Ponsot, ya taso daga Faransa ya sa aka janye su. A watan Maris na 2012 jami'an FBI suka kama Kurniawan, suka tarar da tsofaffin kwalabe da takardun tambari da marufai a gidansa. An same shi da laifi a 2013, aka yanke masa ɗaurin shekara goma a 2014. Abin da ya kama shi rubutaccen tarihin gonaki ne, wanda ya nuna wace shekara aka yi me.

A farkon 2010 kuma wani mutum ya aika wa Aubert de Villaine takarda haɗe da taswirar gonar, yana neman yuro miliyan ɗaya ko ya sa wa itatuwan guba, kuma ya riga ya illata tushe biyu don a san da gaske yake. 'Yan sanda suka ɗana masa tarko da kuɗin bogi a maƙabartar ƙauyen Chambolle-Musigny, suka cafke shi lokacin da ya zo ɗauka.

Barazanar da ta fi waɗannan girma ita ce ta yanayi. Garin Beaune yana da rubutattun ranakun fara girbi tun daga 1354, kuma wani bincike da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa daga 1988 zuwa 2018 girbi ya riƙa zuwa da wuri da kimanin kwana 13 fiye da yadda aka saba a ƙarnukan baya. Ɗumi yana sa itatuwa su tsiro da wuri, sai sanyi mai daskarar da raɓa ya dawo ya ƙone tsiron. Haka ya faru a Afrilun 2021, lokacin da manoma suka kwana suna kunna dubban kyandirori tsakanin layuka, amma duk da haka amfanin shekarar ya ragu ƙwarai. Ƙanƙara ma takan lalata aikin shekara cikin 'yan mintuna.

Addini, doka da lafiya

Musulunci ya haramta shan giya da yin ta da sayar da ita, komai tsadarta ko darajar sunanta. Inabin kansa da zabibi da ruwansa da bai juya ba halal ne, kuma Alƙur'ani ya ambaci inabi a wurare da dama cikin ni'imomin Allah. A Najeriya dokar tarayya ba ta hana giya ba, amma jihohin arewa da suka ɗabbaka shari'ar Musulunci, tun daga Zamfara, sun kafa dokokin hana ta ko taƙaita ta, kuma hukumar Hisbah a Kano takan lalata kwalaben da ta kama. A Faransa ma dokar Évin ta 1991 ta taƙaita tallar barasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa barasa cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji, ta kuma ƙiyasta cewa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019.

Jabun abin sha yana ƙara wani haɗarin a kan wannan. A watan Disambar 2023 hukumar NAFDAC ta kai samame Kasuwar Eziukwu a Aba, inda ta ce ta tarar da shaguna sama da 240 ana haɗa jabun giya da lemo da sauran kayan sha a cikinsu ana liƙa musu tambarin sanannun kamfanoni.

Inda labarin ya shafe mu

Ƙasar Hausa ta taɓa samar da kaya mai darajar da ta kai ko'ina, amma sunan ya kuɓuce mata. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda majema suka jeme a Sakkwato da Kano, ta ƙetare Sahara a kan raƙuma tsawon ƙarnuka ta isa Turai ta tashoshin Arewacin Afirka. Turawa suka yi ta rufe littattafai masu daraja da ita suna kiranta fatar Maroko. Aikin na makiyayi ne da majemi na nan, yabon ya tafi ga inda aka yi lodin jirgi.

Maƙwabtan Najeriya sun fara toshe irin wannan ɓaraka. Ƙungiyar OAPI, mai kula da haƙƙin mallakar fasaha a ƙasashen Afirka 17, mai hedikwata a Yawunde, ta yi rajistar sunayen asali na farko a 2013: masoron Penja da farar zumar Oku daga Kamaru, da gahawar Ziama-Macenta daga Gini. Daga baya Jamhuriyar Nijar ta samu irin wannan rajista ga kilishinta da jar albasar Galmi ta jihar Tawa. Najeriya ba ta cikin ƙungiyar, kuma masu kaya a nan sun fi dogara ga dokar tambarin kasuwanci, wadda ta fi kare sunan kamfani a kan sunan wuri.

Shi kansa inabi ya fara samun gindin zama a arewa. A ƙaramar hukumar Kudan ta Jihar Kaduna, kusa da Zariya, manoma suna noman inabin ci, wanda ke shiga kasuwa kafaɗa da kafaɗa da wanda ake shigowa da shi daga Afirka ta Kudu da Masar. A ƙasa mai zafi itacen ba ya barcin hunturu kamar na Turai, sai manomi ya yi amfani da sassabe da ban ruwa ya tsara lokacin da zai yi 'ya'ya. Abin da Burgundy ta yi cikin ƙarnuka takwas, ayyuka ne da manomin Kudan ko na Aliero zai gane: an san iyakar kowace gona, an rubuta abin da ta bayar kowace shekara, masu sana'a sun amince da ƙa'ida guda, hukuma kuma ta hukunta wanda ya ari suna ba da haƙƙi ba. Ranar da kwandon inabi ko buhun albasa ya sauka a Onitsha ɗauke da shaidar garin da ya fito wadda kotu za ta karɓa, ƙarin kuɗin da mai saye ke biya saboda suna zai sami hanyar komawa ga wanda ya yi noman.